Sauraron Rediyo ta Intanet a Wayar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya saba da wata tasha ba ya son rabuwa da ita don kawai ya yi tafiya. Ɗan kasuwar Kano da ke Agege, ɗalibin da ke karatu a Masar, direban da ke ɗaukar kaya daga Maraɗi zuwa Kwatano, kowannensu zai iya jin tashar garinsu a wayarsa. Sai dai ƙorafe-ƙorafen da ake yi kusan iri ɗaya ne: data na zurarewa, sauti na yankewa, tasha ta ƙi buɗewa. Yawancinsu suna da dalili bayyananne, kuma suna da magani.

Mene ne bambancin rediyon intanet da FM ɗin da ke cikin wayata?

FM ɗin cikin waya akwatin rediyo ne sosai, an dai ƙanƙanta shi. Yana kamo sautin da turken gidan rediyo ya watso a iska, tsakanin mita 87.5 zuwa 108, ba ya taɓa datarka ko kaɗan, ko layi babu a wayar zai yi aiki. Abin da yake buƙata eriya ce, shi ya sa yawancin wayoyi suke cewa sai ka sa iyafis mai igiya, domin igiyar ce eriyar. Iyafis na Bluetooth ba zai maye gurbinta ba. Iyakarsa ita ce inda ƙarfin turken ya tsaya. Idan ka kama Freedom Radio a kan 99.5 a cikin Kano ka hau hanyar Abuja, a hankali za ka ji shuuu ta fara shiga har ta cinye maganar.

Na intanet hanyarsa dabam. Gidan rediyon yana tura sautinsa zuwa wata babbar kwamfuta mai rarrabawa da ake kira saba, wadda sau da yawa tana Turai ko Amurka, wayarka kuma ta je can ta ɗebo ta hanyar data ko Wi-Fi. Nisa ba ya hana shi, amma kowane minti na sauraro akwai kuɗinsa. Saboda haka idan kana cikin garin da tashar take, kuma wayarka tana da FM, kunna ta ta intanet ɓarnar data ce kawai. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix da yawa suna da FM. iPhone ba ta da shi, haka ma manyan wayoyin zamani da dama.

Data nawa yake ci a awa guda?

Ya danganta da nauyin sautin da tashar take turowa, wanda ake aunawa da kbps, wato adadin kilobit a kowace daƙiƙa. Lissafin ba shi da wuya. Kilobit 8 ne kilobait 1, awa guda kuma daƙiƙa 3,600 ce. Tashar da ke kan 64 kbps tana turo kilobait 8 a daƙiƙa, idan ka ninka da 3,600 za ka samu megabait 28.8 a awa. A kan wannan ma'auni, 32 kbps megabait 14.4 ne a awa, 48 kbps megabait 21.6, 128 kbps megabait 57.6, mai 320 kbps kuma megabait 144.

Idan ba ka son dogon lissafi, raba lambar biyu. Abin da ya fita shi ne kusan megabait ɗin da za ta ci a awa, har da ɗan ƙarin da sadarwar kanta take ci.

Abin da ya fi amfani ka duba shi ne na wata. Mai sauraron awa biyu kullum, labaran safe da shirin siyasa na dare alal misali, zai yi awa 60 a wata. A kan 32 kbps bai cika gigabait 1 ba, megabait 864 ne. A kan 64 kbps kimanin gigabait 1.7. A kan 128 kbps kusan gigabait 3.5. Shiri ɗaya, murya ɗaya, amma wani ya biya ninki huɗu na abin da wani ya biya. Ga kuma abin da ake yawan mantawa da shi: wanda barci ya kwashe shi rediyo na kunne a kan 128 kbps, daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, zai tashi ya tarar megabait 400 sun tafi. Kusan duk manhajar kirki tana da agogon barci da za ka saita mata minti 30 ko 60 ta kashe kanta. Ka saba da shi.

Rage ƙarar waya ba ya rage cin data. Ko ka mayar da ita shiru gaba ɗaya, muddin tashar na kunne, datar na tafiya.

To ta yaya zan rage?

Da farko ka san nauyin tashar. Wasu manhajoji suna rubuta shi kusa da sunanta, za ka ga 64k ko 128k. Idan ba a rubuta ba, ka auna da kanka: rufe sauran manhajoji, duba ragowar datarka, saurara na minti 30 cif, sake dubawa, ka ninka bambancin biyu. A Najeriya lambar duba data ɗaya ce a dukkan layuka tun 2023, wato *323#. Ko kuma ka shiga saitin waya wurin lissafin data, zai nuna maka abin da kowace manhaja ta ci ita kaɗai, wanda ya fi zama daidai.

Sannan ka nemi mafi sauƙin zubin tashar. Sau da yawa tasha ɗaya tana da adireshi biyu ko uku, mai nauyi da mara nauyi. Ga labarai, hira, wa'azi ko tafsiri, 32 zuwa 48 kbps sun wadatar matuƙar an matse sautin da tsarin zamani. Nan ne sunayen da kake gani kusa da lambar suke da muhimmanci. MP3 tsohon tsari ne, idan aka sauko da shi ƙasa da 64 sai murya ta fara yin kamar daga cikin rijiya. AAC+ da Opus an yi su ne don su riƙe kyawun sauti a ƙaramin nauyi, har za ka ji AAC+ mai 48 ya fi MP3 mai 64 daɗin ji. Idan aka ba ka zaɓi, ɗauki AAC+ mai ƙaramar lamba. Mai 128 zuwa sama na masu jin kiɗa da babbar sifika ne. A sifikar waya kunnenka ba zai ma ji bambancin da ka biya ba.

Idan ka gama, danna maɓallin tsayarwa gaba ɗaya, ba na dakatarwa ba. Wasu manhajoji idan ka dakatar sukan ci gaba da ɗebo sauti suna tara maka don ka ɗora daga inda ka tsaya. Ka jawo saman allo ka tabbata alamar manhajar ta ɓace.

Tashar da nake so a Facebook take watsa shirinta kai tsaye. Duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Wannan bidiyo ne, ko da abin da kake gani mutum biyu ne zaune gaban makirfo ba sa motsi. Bidiyo mai matsakaicin kyau yakan ci ɗaruruwan megabait a awa, wato abin da zai ishe ka sauraron yini guda ta adireshin sauti zalla. Kuma manhajar YouTube ta kyauta tana tsayawa da zarar ka kashe allo, sai ka bar shi a kunne yana shan caji. Idan ba yadda za ka yi, shiga saitin bidiyon ka mayar da shi mafi ƙanƙanta, a YouTube 144p ke nan.

Akwai wuri ɗaya da Facebook ɗin yake fin sauƙi: idan datar da ka saya ta kafofin sada zumunta ce kawai. Irin wannan data ba ta aiki a manhajar rediyo. Wanda ya kunna rediyo da ita, ko dai ya ƙi buɗewa, ko kuma a koma ana cirar kuɗin katinsa a farashi mai tsada bai sani ba.

Wace manhaja zan sauke?

Ka fara da shafin gidan rediyon kansa. Sassan Hausa na BBC, DW da RFI duk suna da wurin sauraro a shafukansu, haka ma gidajen rediyon cikin gida da dama, kuma burauza irin Chrome ta isa, ba sai ka sauke komai ba. Adireshin da ke shafin tasha shi ne ya fi saurin samun gyara idan ya lalace.

Idan kana son tashoshi da yawa wuri guda, akwai TuneIn da Simple Radio. Akwai Radio Garden, wadda aka fara a Holan a 2016, ita taswirar duniya take nuna maka da ɗige-ɗige koraye, ka murza zuwa Kano ko Yamai ko Akara ka danna. Tana da daɗin yawo, sai dai taswirar kanta tana cin data lokacin da kake murzawa, don haka ka ajiye tashoshinka a jerin waɗanda ka fi so. Tashoshin Afirka da yawa suna kan Zeno. Ga mai Android da ba ya son talla akwai RadioDroid, tana kuma nuna nauyin kowace tasha kafin ka kunna.

Hanyar da muka fi ba da shawara ga wanda tasha biyu ko uku kawai yake ji ita ce VLC, manhajar kunna sauti da bidiyo. Idan ka samu adireshin sautin kai tsaye, wanda sau da yawa yake ƙarewa da .mp3 ko .aac ko .m3u8 ko .pls, sai ka buɗe VLC, ka shiga wurin buɗe sauti daga intanet, ka liƙa adireshin. Babu hoto, babu talla, babu komai sai muryar. Tallan bidiyon da wasu manhajoji suke sakawa kafin tasha ta buɗe yana iya cin abin da ya fi na minti goma na sauraro.

Da zarar allo ya mutu, bayan 'yan mintoci sai rediyon ya ɗauke. Me ya sa?

Wannan ba laifin sabis ba ne, wayar ce da kanta take kashe manhajar don ta adana caji. Android ta zo da wannan tsari tun daga zubi na 6, kamfanonin waya kuma kowa ya ƙara nasa a kai, wasu da tsanani. Maganin shi ne ka gaya wa wayar ta ƙyale wannan manhaja. Danna alamar manhajar ka riƙe, shiga bayananta, nemi wurin batir, ka zaɓi inda aka rubuta Unrestricted ko No restrictions. A wannan shafin dai, shiga wurin data ka tabbata an ba ta izinin amfani da data a bayan fage.

A Samsung akwai jerin manhajojin da wayar take sa wa barci, sai ka cire ta daga ciki ka sa ta a jerin waɗanda ba a sa wa barci. A Tecno, Infinix da Itel ka duba Phone Master, ka ba manhajar izinin tashi da kanta, kuma ka daina danna maɓallin share komai alhali kana sauraro, domin rediyon na cikin abin da yake sharewa. A Redmi ana kiran izinin Autostart. Wata dabara mai sauƙi: buɗe jerin manhajojin da ke buɗe, ka sa wa ta rediyon alamar kwaɗo.

Idan duk ka yi wannan bai daina ba, duba ko ka kunna tsarin tsimin caji ko Data Saver. Su ma suna hana aiki a bayan fage. Cajin waya idan ya yi ƙasa, wasu wayoyin suna kunna tsimin da kansu ba tare da sun tambaye ka ba.

Sabis a cike yake amma sauti na tsayawa yana dawowa.

Sandunan da kake gani a saman allo ƙarfin haɗuwarka da turken sadarwa suke nunawa, ba su nuna yawan mutanen da kuke rububin turken tare. Bayan sallar isha'i, lokacin da unguwa duka ta koma kan waya, sanduna za su kasance a cike amma abin da ke zuwa maka ɗigo ne. Haka a kasuwa, a tashar mota, a filin idi.

Rediyo ba ya buƙatar sabis mai gudu, mai ɗorewa yake buƙata. 64 kbps abu ne kaɗan ƙwarai ga 3G, ballantana 4G. Abin da ke karya shi shi ne wayar ta riƙa tsalle tsakanin 4G da 3G da 2G a wurin da ɗayansu ba shi da ƙarfi, kowane tsalle sai haɗin ya tsinke. A irin wannan wuri shiga saitin layi ka tsayar da wayar a kan wanda ya fi zama daram, ko da 3G ne. Idan harafin E kake gani a sama, kana kan 2G, kuma abin da za ka iya sa rai da shi tasha mai 32 kbps ce, ita ma da haƙuri.

Sai ka ƙara girman ma'ajiyar wucin gadi. Manhaja ba ta kunna sauti daidai lokacin da ya iso, takan tara na 'yan daƙiƙoƙi tukuna, kamar yadda ake tara ruwa a randa saboda famfon da ke ɗaukewa. Idan randar ƙarama ce, ɗan ɗaukewa kaɗan sai ta ƙafe. A VLC akwai wurin wannan a cikin saiti mai zurfi, an rubuta Network caching, ana lissafinsa da kashi dubu na daƙiƙa, ka sa 5000 ko 10000. Tasha za ta ɗan jima kafin ta fara, amma yankewar za ta ragu sosai.

Masu layi biyu su lura: a wayoyi da yawa, idan kira ya shigo ta layi na biyu, datar layi na farko tana tsayawa har a gama. Wani lokaci kuma bayan kiran wayar takan maƙale a 2G. Kunna tsarin jirgin sama na daƙiƙa goma ka kashe, za ta dawo.

Me ya sa maƙwabcina mai akwatin rediyo yake riga ni jin abu?

Saboda sautinka ya yi doguwar tafiya, kuma a kowane zango an ɗan riƙe shi: kwamfutar gidan rediyo ta matse shi, saba ta tara, manhajarka ta sake tarawa. Jinkirin yakan kama daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa rabin minti ko fiye. Adireshin da ya ƙare da .m3u8 ya fi jinkiri, domin shi gutsure-gutsure yake turo sauti, kowane gutsure na daƙiƙa shida ko goma, manhaja kuma sai ta tara kamar uku kafin ta fara. Duk lokacin da sauti ya tsaya ya dawo, a wasu manhajoji jinkirin ƙaruwa yake yi, har bayan awa biyu ka iske kana baya da minti biyu. Tsayar da tashar ka sake kunnawa, sai ka dawo kusa.

A wasan ƙwallo abin bai wuce ka ji ihun unguwa kafin mai sharhi ya faɗa ba. A watan azumi kuwa magana ce babba. Mai cin sahur da ke jiran kiran sallar asuba ta intanet zai iya ci gaba da ci bayan alfijir ya keto. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne bambancin gari. Rana tana faɗuwa a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, alhali agogonsu ɗaya ne. Mutumin Sakkwato da ya sha ruwa da kiran sallar tashar Maiduguri ya sha tun rana ba ta faɗi ba. Tsakanin Kano da Sakkwato ma akwai fiye da minti goma. Ka ji tafsirinka daga duk garin da kake so, amma lokacin sahur da buɗa-baki na masallacin unguwar da kake ne.

Idan na kira shiri, sai in ji muryata tana dawo mini.

Jinkirin nan ne. Idan an ɗaga kiranka, kashe rediyon gaba ɗaya ka saurari mai gabatarwa ta cikin kiran. Rage ƙara bai isa ba idan akwai wata wayar a ɗakin tana kunne. Kuma idan mai gabatarwa ya ce an buɗe layuka, ka sani cewa masu FM sun riga ka ji, shi ya sa kake tarar da layi a cike.

Tashar tana cikin jeri amma ba ta buɗewa, ko ta buɗe shiru.

Gwada wata tasha tukuna. Idan waccan ta yi, matsalar ba daga wajenka take ba. A gidajen rediyo da yawa kwamfuta guda ce a gefen ɗakin watsa shiri take tura sauti zuwa intanet. Aka ɗauke wuta aka koma janareta, turken FM zai dawo amma ita kwamfutar sai wani ya tuna ya kunna ta. Ko datar gidan ta ƙare, ko igiyar da ke kawo mata sauti ta zare, sai ka ga agogon manhaja na tafiya babu murya. Ko kuma tashar ta sauya saba, manhajar da kake amfani da ita tana riƙe da tsohon adireshi. Duba shafin tashar, ko ka aika musu saƙo, domin sau da yawa ba su ma san ta tsaya ba. Ka kuma tuna cewa ba kowace tasha ce ke aiki dare da rana ba, wasu suna rufewa da tsakar dare.

Idan babu tashar da ke buɗewa, duba kwanan wata da agogon wayarka. Idan sun kauce, wayar ba za ta amince da shafuka masu tsaro ba. Sannan ka share tarkacen ajiyar manhajar daga saiti, ka sake gwadawa.

Ina ƙasar waje. Akwai abin da ya kamata in sani?

Agogo da farko. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya. Ghana tana baya da awa guda, Sudan tana gaba da awa guda, Saudiyya tana gaba da awa biyu. Shirin ƙarfe 8 na dare a Kaduna ƙarfe 7 ne a Kumasi, ƙarfe 10 a Makka. Ingila kuwa lokacinta yakan yi daidai da na Najeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni ta koma baya da awa guda.

Sai toshewa. Wasu shirye-shirye, musamman sharhin ƙwallo, an sayi haƙƙinsu ne don ƙasa guda, saba tana gane ƙasar da kake ta hana ka. Mazauna Birtaniya suna da tasu matsalar: bayan wata shari'ar haƙƙin mallakar waƙoƙi da aka yanke a 2019, TuneIn ta rufe musu yawancin tashoshin ƙetare, daga baya Radio Garden ma ta taƙaita. A can mafita ita ce shafin tashar kanta ko adireshin kai tsaye a VLC.

Kada ka saurari rediyo da layin gida a ƙasar waje, farashin datar yawo ba na wasa ba ne. Alhazai su sayi layin can ko su jira Wi-Fi na masauki. Mazauna bakin iyaka kamar Jibiya, Illela, Ƙonni da Maigatari su kashe datar yawo a saiti, domin waya tana iya kama turken ƙetare kana zaune a gidanka.

Yana cin batir sosai?

Sautin kansa ba ya ci da yawa. Allo ne babban mai ci, sai sifika idan an ƙure ta, sai raunin sabis, domin waya tana ƙara ƙarfi wajen neman turke idan ya yi mata nisa. Kashe allo, sa iyafis, ajiye wayar kusa da taga. Kada ka tura ta ƙarƙashin matashin kai tana caji tana rediyo, zafin yana kashe batir da wuri.

A mota ko a shago fa?

Idan rediyon motar yana da Bluetooth ko ramin AUX, haɗa kawai. Tsohuwar mota da ba ta da ko ɗaya, akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna taba, tana karɓar sauti daga waya ta watsa shi a FM na 'yan taku kaɗan. Ka zaɓi mitar da babu tasha a kanta a garin, ka saita na'urar da rediyon motar a kan lamba ɗaya. Idan ka shiga wani gari ka ji wata tasha na kutsowa, sauya mita. A doguwar hanya akwai dazuzzukan da babu sabis, don haka direba ya sauke shirye-shiryen da zai ji tun kafin ya tashi, kuma ya saita komai kafin ya tayar da mota.

Shiri ya wuce ni. Zan iya samunsa?

Manyan tashoshin ƙetare suna ajiye shirye-shiryensu a shafi bayan an watsa, wasu tashoshin gida ma suna yi. Saukewa ya fi sauraro kai tsaye ga mai raunin sabis, domin idan ya tsinke zai ɗora, kuma za ka ji sau nawa kake so ba ƙarin kuɗi. Shirin minti 30 a kan 64 kbps bai kai megabait 15 ba. Mai sayen datar dare mai rahusa zai iya sauke na mako guda a zama ɗaya.

Wayata ƙarama ce, ko tsohuwar Android.

Ƙaramar waya mai madannai FM ɗinta ne abin dogaro, wasunsu ma ba sa buƙatar iyafis. Tsohuwar Android, daga zubi na 7.0 zuwa ƙasa, takan ƙi buɗe shafuka da dama saboda takardun shaidar tsaron da ke cikinta sun tsufa. Firefox tana zuwa da nata takardun, don haka idan wayar ta karɓe ta, gwada buɗe shafin tashar da ita. Idan da Opera Mini kake shiga, kashe tsarinta na matse data mai tsanani kafin ka danna sauraro.

Ta yaya zan gane manhajar bogi?

Da abin da take roƙo. Manhajar rediyo intanet take buƙata da izinin nuna sanarwa, shi ke nan. Wadda ta ce sai ta ga lambobin mutanenka, ko saƙonninka, ko ta nemi lambar BVN ko NIN, goge ta nan take, domin ta cikin saƙonni ne lambobin sirrin banki suke shigowa. Kada ka girka manhajar da aka turo maka a WhatsApp da sunan wata tasha. Ka sauke daga Play Store ko App Store, ka duba sunan wanda ya yi ta, domin akwai masu kwashe adireshin tashoshi su lulluɓe da talla su sa tambarin gidan rediyon ba da saninsa ba.

Tunda ga waya, akwatin rediyo ya gama aiki ke nan?

A'a. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni babu kira babu data. A watan Maris na 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala. A irin waɗannan ranaku akwatin da ke kama FM da gajeren zango, da batir biyu a ciki, shi ne ke kawo labari. A ajiye shi, a riƙa cire masa batir idan za a daɗe ba a kunna ba, don kada ya zubar da ruwa ya cinye ƙarafan.

Ina so in buɗe tawa tashar, ko in riƙa watsa karatun makarantarmu. Me ake buƙata?

Abu uku: makirfo mai kyau, manhajar da za ta matse sauti ta tura, da saba da za ta rarraba. Sabobin rediyo galibi suna aiki da Icecast ko Shoutcast, kuma haya ake yi, wasu kamfanoni na bayarwa kyauta su sa talla. Za su ba ka abu huɗu: adireshin saba, lambar ƙofa, sunan mashiga da kalmar sirri. Waɗannan za ka zuba a manhajar turawa, a kwamfuta akwai BUTT da Mixxx, a Android akwai Cool Mic mai aiki da Icecast.

Datar da kai za ka ci ta zubi ɗaya ce, komai yawan masu sauraro. A kan 64 kbps dare da rana kimanin megabait 690 ne a yini, kusan gigabait 21 a wata. Nauyin masu sauraro a kan saba yake: mutum 100 a kan 64 kbps suna jan megabit 6.4 a daƙiƙa, shi ya sa ake yanka kuɗin haya bisa yawan waɗanda za su iya shiga lokaci guda. Kada ka yi ƙoƙarin mayar da wayarka saba, ba za ta ɗauka ba.

Ka tausaya wa aljihun masu sauraronka. Idan magana ce zalla, tura ta a 32 ko 48 kbps da AAC+, a kan zubi guda ba na kunne biyu ba, tunda murya ɗaya ba ta da dama da hagu. Makirfo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, kuma idan a masallaci ne ka ɗauko sautin da igiya daga na'urar lasifika, kada ka ajiye waya a gaban sifika, amsa-kuwwar ɗakin za ta cinye kalmomin. Wayar da ke turawa a sa mata layin da ba a kira, domin kira ɗaya ya isa ya yanke shirin. Kafin ka sa waƙar wani ka nemi izininsa, kuma idan abin zai zama tasha ta dindindin a Najeriya, ka tuntuɓi hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kan batun rajista kafin ka fara karɓar talla.